Amsa ga ɗan mafarauci: hawan tsauni da kare a lokacin dusar ƙanƙara

Tambayar ta fito daga wani matashi ɗan gidan farauta a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Birnin Kudu ta jihar Jigawa, wanda ya sami gurbin ƙaro karatu a birnin Kayseri na ƙasar Turkiyya. Ɗaliban da suka riga shi zuwa sun ba shi labarin masu fita yawon ƙafa da karnuka a kan tsaunin Erciyes da tsakiyar hunturu, shi ne yake so ya san ko karen farautarsa na gida zai jure wannan tafiya idan ya tafi da shi, ko kuma sanin kare da ya gada wurin mahaifinsa zai wadatar da shi idan da karen can zai fita.

Ɗana, a matsayina na likitan dabbobi, amsar sashen farko na tambayarka ba ta da tsawo: ka bar karenka a gida wurin Baba. Karen ƙasarmu gashinsa gajere ne kuma rufi ɗaya, jikinsa siriri ne, kitsensa kaɗan ne, cikinsa kusan ba gashi, kuma duk waɗannan siffofi ne na dabbar da jikinta ya dace da fitar da zafi. Karnukan ƙasashen sanyi, irin su Huski na Siberiya da Malamut na Alaska da Kangal na lardin Sivas da ke maƙwabtaka da Kayseri, gashinsu rufi biyu ne, na ciki mai laushi da kauri yana riƙe iska mai ɗumi a jikin fata, na waje mai tsauri yana hana danshi shiga. Sanyin da muke kuka da shi a Kano da Jigawa a watan Janairu yawanci wajen digiri 13 yake tsayawa da asuba a ma'aunin Salshiyas, alhali ruwa sai a digiri 0 yake daskarewa, kuma daren hunturu a Kayseri ƙasa da haka yake sauka a cikin gari ma, tun ba a hau dutse ba. Ga kuma wahalar takardu, domin Najeriya tana cikin ƙasashen da ake fama da ciwon haukan kare. Tarayyar Turai, alal misali, tana buƙatar a dasa wa kare ƙwayar shaida a ƙarƙashin fata, a yi masa allurar rigakafi, a gwada jininsa bayan aƙalla kwana 30, sannan a jira wata 3 kafin ya shiga. Turkiyya ma tana neman shaidar rigakafi da takardar lafiya, kuma ɗakunan kwanan ɗalibai ba kasafai suke karɓar dabba ba.

Sashe na biyu shi ne mai buƙatar dogon bayani. Abin da ka gada zai yi maka amfani ta fuska ɗaya babba, wato ka saba kallon kare ka gane halin da yake ciki, kuma ka san cewa karen kirki yakan bi ubangidansa har sai ya faɗi, ba ya tsayawa don kansa. A dajin Birnin Kudu da rani, abin da kake tsoro shi ne zafi da ƙishirwa da maciji da ƙaya. A kan tsauni da hunturu wannan biyayyar tasa ita ce babban haɗarin, domin zai ci gaba da tafiya da ƙafa a tsage da jiki a sandare muddin kana gaba, don haka hukuncin juyowa gida yana wuyanka kai kaɗai, kuma dole ka yanke shi tun kare yana da sauran ƙarfin da zai sauko da ƙafarsa.

Ka fara da lissafin sanyin. Birnin Kayseri yana kan tudu mai tsayin mita dubu da ɗoriya daga doron teku, ƙololuwar Erciyes kuwa ta kai mita 3,917, kuma wuraren da motoci suke ajiye masu wasan zamiya a kan dusa sun haura mita 2,000. A matsakaicin lissafi, duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi, saboda haka idan ka baro gari ana digiri 2 ƙasa da sifili, kafin ka sauka daga mota ka isa wajen digiri 10 ƙasa da sifili. Idan iska tana kaɗawa da saurin kilomita 30 a sa'a, wannan digiri 10 ɗin jiki zai ji shi kamar 20 ƙasa da sifili. Kare kuma ya fi ka kusa da ƙasa, ƙirjinsa da cikinsa suna gogar dusar a duk taku, kuma dusar da ta narke a jikinsa tana janye ɗumi da sauri fiye da busasshiyar iska.

Ƙafar kare ita ce wurin da tafiyar takan fara lalacewa, don haka zan daɗe a kanta. Jijiyoyin jinin dagin kare a jere suke kusa da juna, jinin da yake saukowa da ɗumi yana ɗumama wanda yake komawa, shi ya sa yake iya tsayawa a kan ƙanƙara ba takalmi. Wannan tsari yana kare shi daga sanyi zuwa wani matsayi, amma ba ya kare shi daga yanka. Dusar da ta narke da rana ta sake daskarewa da dare takan yi ɓawo mai kaifi a sama, ƙafa ta burma ciki, gefen ɓawon ya kankare fatar da ke tsakanin yatsu da ta saman dagi. Sabuwar dusa mai danshi kuma takan manne a gashin da ke tsakanin yatsu, ɗumin ƙafa ya narkar da ita, ta sake daskarewa ta dunƙule, har ta zama tsakuwar ƙanƙara da ke buɗe yatsun da ƙarfi. Alamarta ita ce wadda ka sani idan ƙarangiya ta maƙale wa kare a dagi: ya ɗage ƙafa ɗaya, ya zauna yana cizonta, ya tashi yana ɗingishi. Kada ka fizge dunƙulen, domin zai taho da gashi da fata, kuma kada ka bar shi ya yi ta lasa, domin yawunsa sabuwar ƙanƙara zai zama. Ka tafa ƙafar a cikin tafin hannunka har ta narke, ka goge ta da busasshen ƙyalle.

Rigakafin wannan tun daga gida ake yin sa. A rage gashin tsakanin yatsu da almakashi har ya yi daidai da tafin dagi, a yanke akaifa, a shafa kakin da ake sayarwa don ƙafar kare, kuma man kaɗanya ma yana taimakawa idan babu wancan, sai dai yana saurin gogewa. Takalmin kare na yadi mai maɗauri ya fi duka a kan dusa mai ɓawo, kuma kada ka ɗauke shi abin dariya. Mutane suna yawan kafa hujja da karnukan Alaska, musamman tafiyar shekarar 1925 da aka yi karɓa-karɓa da karnuka wajen 150 aka kai maganin cutar mashaƙo garin Nome, tafiyar kimanin kilomita 1,085 cikin kwana biyar da rabi, amma a wannan tafiyar ma wasu karnuka sun mutu, kuma tseren Iditarod na Alaska, wanda karnuka suke jan keken zamiya a kan dusa, da aka fara a 1973, dokarsa ta wajabta wa kowane direba ya riƙe takalman karnukansa. Idan karnukan da aka haifa a cikin dusa suna sa takalmi, karen gida da ya saba kwana kusa da na'urar ɗumama ɗaki ya fi su buƙata. Sharaɗi biyu ne: ya saba da takalmin a gida kafin ranar fita, kuma kada a ɗaure shi da ƙarfin da zai tare jini, domin ƙafar da jini bai isa ba ita ce sanyi yake fara ci. A kan tsantsar ƙanƙara mai santsi kuwa takalmin yadi yana hana akaifa kama ƙasa, to nan sai ka auna, kuma sau da yawa amsar ita ce wannan hanyar ba ta kare ba ce a ranar.

Daga nan sai batun igiya, wanda a ganina ya fi sanyin kansa jefa mutane cikin haɗari. Mu a nan mun saba sakin kare ya shiga gaba yana sansana, amma a can sakinsa yana da illoli da yawa: akwai masu zamiya da suke gangarowa da gudu kuma gefen allunan ƙafarsu ƙarfe ne mai kaifi da yake yanke jijiyar ƙafar kare, akwai kyarkeci a tsaunukan Anatoliya, yankin da Kayseri take ciki, akwai karnukan makiyaya a ƙauyukan gindin dutse da ba sa ƙaunar baƙon kare, kuma dusa tana rufe sawu da wari har kare ya kasa gano hanyar dawowa. Riƙe shi kuma yana da nasa haɗarin. Namijin Kangal yakan kai kilo 50 har ya wuce, kuma ko kare mai kilo 25 ne, idan ya zabura a kan gangare mai santsi zai ɗebe maka ƙafafu. Saboda haka a ɗaura igiyar a ɗamarar ƙirji mai mariƙi a gadon baya, kada a wuya, tsawonta kuma kada ya wuce mita biyu. Masu ɗaura igiya a ƙugu suna jin daɗin haka a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, amma da an zo gangare sai a kwance ta a riƙe a hannu ba tare da an naɗe ta a wuyan hannu ba, yadda idan ɗayanku ya zame ba zai tafi da ɗayan ba. Mafi amfanin horo shi ne kare ya koyi tafiya a bayanka lokacin saukowa, kuma wannan abu ne da ɗan mafarauci zai iya koya masa cikin sauƙi.

Takalminka ma ya shafi lafiyarsa. A kan hanyar da aka tattake ta yi santsi, sarƙa mai ƙananan ƙusoshi da ake sanya wa takalmi ta wadatar. Manyan ƙarafa masu dogayen haƙora da mahaya ƙololuwa suke ɗaurawa kuwa, taku ɗaya a kan dagin kare ya isa ya huda shi har ƙasa. Ƙa'idar da nake ba kowa ita ce, duk hanyar da take buƙatar waɗannan ƙarafa da gatarin ƙanƙara, kare ba shi da abin yi a kanta, kuma ƙololuwar Erciyes da hunturu tana cikin irin waɗannan. Hannayenka biyu duka za su kasance cikin aiki, kare kuwa ba shi da abin da zai tsayar da kansa da shi idan ya fara zamewa.

Akwai haɗarin da babu kamarsa a ƙasarmu, wato zaftarewar dusa. Yawanci tana faruwa ne a gangaren da karkatarsa take tsakanin digiri 30 zuwa 45, musamman a kwana ɗaya ko biyu bayan an zuba sabuwar dusa mai yawa ko iska ta tara ta a gefe ɗaya, kuma nauyin mutum ko na kare ya isa ya tsinke ta. Wanda ta binne, idan aka tono shi cikin minti 15 na farko, galibi ana samunsa da rai, amma bayan rabin sa'a da ɗoriya mafi yawa sun riga sun shaƙe. A watan Fabrairun 2020, a yankin Bahçesaray na lardin Van da ke gabashin Turkiyya, zaftarewa biyu a jere sun kashe fiye da mutum 40, kuma da yawansu masu aikin ceto ne da suka je neman waɗanda ta farko ta binne. Karen da aka saki yana iya haurawa sama da ku ya tsinko dusar a kanku, ko ya taka leɓen da iska take ginawa a bakin ƙarshen dutse, wanda daga sama yake kama da ƙasa mai ƙarfi alhali babu komai a ƙarƙashinsa. Masu shiga irin waɗannan wurare suna rataya na'urar neman wanda dusa ta binne, kuma ba a rataya wa kare irinta, don kada masu tono su ɓata mintunan farko a kan dabba mutum yana binne a gefe. Kai dai sabon zuwa ne, hanyarka ita ce wadda aka yi wa alama, a cikin kwari mai faɗi ko tudu mai sauƙi, tare da ɗan gari da ya san dutsen.

Haka nan duk tafki ko rafi da ya daskare, ka kewaye shi da igiya a hannu. Ƙanƙara tana buƙatar kaurin kimanin santimita 10 kafin ta ɗauki mutum, kuma dusa tana ɓoye inda ta yi sirara. Idan kare ya burma, kada ka bi shi. Ka tsaya a gaɓa kana kiransa, ka kira lambar agaji ta 112, domin an sha samun cewa kare ya fito da kansa, mai shi da ya shiga ceto ne ya nutse.

Ci da sha suna yaudarar mutane saboda babu zafin rana da zai tuna musu. Kare yana asarar ruwa ta haki a cikin busasshiyar iskar tsauni, kuma cin dusa ba ya maye gurbin sha, domin jiki sai ya ƙona ƙarfinsa kafin ya narkar da ita. Ka riƙe ruwa mai ɗumi a fulas, ka ba shi kaɗan-kaɗan a duk tsayawa. Abinci kuma a ƙara masa, a riƙa ba shi ɗan abin taɓawa a hanya maimakon a cika masa ciki kafin hawa. Karnukan tseren Alaska suna cin abin da ya kai kalori 10,000 a rana, kuma ko da yake naka ba zai kusanci haka ba, hakan yana nuna yadda sanyi da aiki suke cin jiki. Kada ka ba shi daga guzurinka ba tare da tunani ba, domin cakulan da zabibi guba ne ga kare, albasa da tafarnuwa suna lalata masa jini, don haka kilishin da za ka tafi da shi daga gida naka ne kai kaɗai. Idan za a ɗora masa jakar baya, a fara da abin da bai wuce kashi 10 cikin 100 na nauyinsa ba. A cikin taka jakar kuwa a sami rigar kare mai rufe ƙirji da ciki, da guntun tabarmar soso da zai zauna a kai lokacin hutu, da bandeji, da majanyin da za ka goya shi idan ya kasa tafiya. Ka tambayi kanka tun kafin fita ko za ka iya saukowa da shi a bayanka daga wuri mafi nisa da kake nufin kaiwa, kuma idan ba za ka iya ba, ka rage nisan.

Lafiyayyen kare zafin jikinsa tsakanin digiri 38 ne zuwa 39 da ɗoriya. Idan sanyi ya fara cin ƙarfinsa za ka ga makyarkyata, da ƙudundune baya, da cusa wutsiya, da ɗaga ƙafafu bi da bi, da neman kwanciya a duk inda aka tsaya. A wannan matakin ake juyowa. Idan makyarkyatar ta tsaya alhali bai ɗumama ba, ya yi laushi, yana tangaɗi, dasashinsa ya yi fari, to abin ya yi nisa, sai a goge shi ya bushe, a raba shi da ƙasa, a naɗe shi har da kai a cikin rigarka, a sa gorar ruwan ɗumi da aka naɗe a ƙyalle a gefen ƙirjinsa, a nufi asibitin dabbobi. Cizon sanyi kuma yakan kama bakin kunne da ƙarshen wutsiya da maraina da yatsu, fatar ta yi fari ko toka-toka ta taurare. Ba a murza wurin, ba a goga masa dusa, ba a kai shi kusa da wuta, ruwa mai ɗumin jiki kawai ake sa wa, kuma ba a narkar da shi a kan dutse idan zai sake daskarewa kafin a sauko. Ɓarnar ba ta cika bayyana sai bayan kwanaki. Kada ka ba shi maganin ciwon jiki na mutane irin su farasitamol ko ibuprofen, domin suna iya lalata masa hanta ko ƙoda ko su tsaga masa ciki.

Kai ma jikinka baƙo ne a wurin, kuma ba zan tsawaita ba tun da abokan karatunka za su nuna maka sutura. Abu ɗaya da zan jaddada shi ne ka guji auduga a jikin fata, domin tana shan gumi ta riƙe shi ta sanyaya ka. Ulu ko yadin roba ake sawa a ciki, rufi-rufi, da tabarau mai duhu, saboda sabuwar dusa tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙona ido. Yini kuma gajere ne. A ƙarshen Disamba hasken rana a Kayseri bai wuce sa'a tara da rabi ba, rana takan faɗi da biyar da 'yan mintuna, kuma a bayan dutse duhu da sanyi suna riga wannan lokaci sauka. Azahar da La'asar da Magariba suna matsowa kusa da juna, don haka ka fita da alwalarka, ka tsara tafiyar yadda La'asar za ta same ka a ƙasa, ka riƙe tocilan ta goshi ko da ba ka yi niyyar kai dare ba, kuma wayarka ta zauna a aljihun ciki domin sanyi yana zuƙe batir.

Fitarku ta farko kada ta wuce sa'a ɗaya ko biyu a gindin dutse, da karen da mai shi yake tare da ku, kuma ya kasance ba kwikwiyo ba, ba tsoho ba, ba mai ciwon gaɓoɓi ko na zuciya ba. Ka tambayi dokar wurin tun da wuri, domin wasu gandayen gwamnati, kamar babban gandun ƙasar Suwizalan, sun hana shiga da kare gaba ɗaya, wuraren zamiya kuma suna da nasu sharuɗɗan.

Idan kun sauko, aikin bai ƙare a bakin mota ba. Gishirin da ake watsawa a tituna don narkar da ƙanƙara yana ƙona tsagar dagi kuma yana ɓata ciki idan kare ya lashe, don haka a wanke ƙafafun huɗu da ruwan ɗumi, a buɗe tsakanin yatsu a duba ɗaya bayan ɗaya, a busar, a shafa mai. A wurin ajiye motoci kuma ka sa ido kan ruwa mai launi da yake ɗiga daga lagireto, wanda ake zubawa don hana injin daskarewa. Yana da zaƙi, karnuka suna lasarsa, kuma kimanin mililita 5 ga kowane kilo na nauyin kare ya isa ya kashe masa ƙoda. Alamar farko ita ce tangaɗi da amai da yawan shan ruwa, daga nan ya yi kamar ya warware, alhali gubar tana ci gaba da aiki a ciki. Maganinta yana tasiri ne kawai a 'yan sa'o'in farko, saboda haka ko zato ka yi ya lasa, ka kai shi wurin likita a ranar, kada ka jira gari ya waye.